Canza wayar birkin hannu a tsohuwar akori-kura: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin nan su ne masu tsofaffin akori-kura suka fi maimaitawa: masu Toyota Hilux ta shekarun 1980 da 1990, da masu Peugeot 504 da muka fi sani da Fijo, wadda a da aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, da masu manyan Ford da Chevrolet da ake shigowa da su gwanjo daga Amurka. Kusan dukansu birkinsu na baya na durom ne, wato kwanon ƙarfe da ke juyawa tare da taya, don haka amsoshin sun shafe su gaba ɗaya, sai inda na ware wata.

Wane aiki wayar birkin hannu take yi, kuma ina bambancinsa da birkin ƙafa?

Birkin ƙafa da mai yake aiki. Idan ka taka, man birki ne ke bi ta cikin bututu ya tura layinin, wato abin da ke gogar ƙarfe don tsayar da taya, ya matse ƙarfe a tayoyi huɗu. Birkin hannu, wanda 'yan gareji ke kira hambirek, babu ruwansa da mai ko kaɗan. Waya ce ta ƙarfe, silili da yawa aka murɗa wuri guda kamar igiya, tana zamewa a cikin wani kube mai ƙarfi. Idan ka ja mariƙi, wayar ta ja wani ɗan hannun ƙarfe a cikin durom na baya, shi kuma ya buɗa layinin biyu su kama jikin durom ɗin.

An raba su haka ne da gangan. Ko bututu ya fashe mai ya tsiyaye ƙaf, wayar tana nan.

Waya nawa ce a ƙarƙashin motar?

A yawancin akori-kura uku ce. Ta gaba tana tasowa daga mariƙi ta gangara ƙarƙashin mota, ta tarar da wani ɗan ƙarfe mai lilo kamar sikeli wanda ke raba ƙarfin ja gida biyu. Daga nan wayoyi biyu ke wucewa, ɗaya tayar hagu, ɗaya ta dama. Motoci masu dogon bodi wani lokaci suna da ta huɗu a tsakiya. A wasu Hilux masu jan ƙafa huɗu kuma waya ɗaya ce ke zuwa baya ta kwanta a kan aksul, sannan ta rabu.

Mariƙin ma iri-iri ne. Tsohuwar Hilux mai dogon benci a gaba tana da wanda ake jawowa daga ƙarƙashin dashbod, mai kama da hannun lema, a murɗa shi a sake. Wasu motocin sanda ce tsakanin kujeru. Na Amurka kuwa galibi ƙaramin feda ne a gefen hagu da ake takawa da ƙafa, ko da yake aikinsa ɗaya ne.

Ina barin motata cikin giya, yaron mota ya sa dutse. Me zai sa in kashe kuɗi a kan birkin hannu?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, domin ita ce ta sa akori-kura da yawa ke yawo shekara da shekaru da matacciyar waya. Abin da ke riƙe mota a cikin giya galibi matsin iskar cikin inji ne. Injin da ya tsufa ya sha tafiya matsinsa ya ragu, kuma motar da aka labta wa buhunan masara tana iya rinjayarsa a hankali, ta riƙa jan ciki taku-taku a kan gangara. Tsohon giyabos kuma yana iya tofar da giya da kansa. Dutse yana sulɓewa a kan tsakuwa, yana nitsewa a laka, kuma kafin a sa shi sai wani ɗan mutum ya durƙusa a bayan tayar motar da babu abin da ke riƙe da ita. Sau da yawa yaro ne ƙarami.

Akwai dalili na biyu da direbobi da yawa ba su sani ba. A tsofaffin Toyota masu yawa, jan birkin hannu ne ke juya ajastar da ke matso da layinin kusa da durom yayin da yake cinyewa. Idan an daina ja, layinin ya yi nisa, sai ka ji birkin ƙafa yana nitsewa kusa da ƙasa kafin ya kama. Mutum ya yi ta canza man birki yana zargin masta, wato famfon da ke tura man birki, alhali matsalar tana baya. A motocin Amurka da yawa ajastar tana juyawa ne idan ka taka birki kana baya-baya.

Na uku shi ne ranar da birkin ƙafa ya ƙi. Duk wanda ya taɓa sauka Hawan Kibo, gangarar nan ta hanyar Jos, da kaya ya san abin da nake nufi.

Ta yaya zan gane cewa wayar ce ta lalace?

Alamunta kala biyu ne. Ko ta tsinke ko ta miƙe, sai ka ji mariƙi yana tahowa sakayau har ƙarshe ba tare da nauyi ba. Ko kuma ta ƙage a cikin kubenta, sai ja ya yi tauri, in ka samu ka ja kuma ta ƙi komawa, ka tashi mota kana jin kamar ana riƙe ta ta baya, da warin ƙuna daga taya ɗaya.

Hanyar tabbatarwa ba ta da wuya. Ka sa wani ya riƙa ja yana saki, kai kuma kana leƙen ƙarƙashi. Kowace waya ya kamata ka ga tana shiga tana fita daga kubenta. Wadda ta tsaya cik ita ce mai laifi. Ka bi jikin kuben da hannu: inda ka ji ya kumbura, tsatsa ce ta cika ciki. Inda roba ta tsage ko ta narke kusa da salansa, ruwa ya riga ya shiga. In kuma ka ga silili ko da biyu sun tsinke sun yi cirko-cirko, wayar ta gama aiki, domin sauran ba za su daɗe ba. Amma idan duk wayoyin suna motsi lafiya kuma birkin bai kama ba, ka karanta amsar tambayar ɗaure noti a ƙasa kafin ka sayi komai.

Me ke kashe ta?

Rashin amfani ya fi komai. Wayar da ake ja kullum tana goge kanta, wadda aka bari wata shida kuwa sai ta manne. Bayan haka sai lakar damina da ratsa rafi, da ƙurar hunturu da ke shiga ta robar bakin kube idan ta yage. Motocin da suka yi rayuwarsu ta farko a Kanada ko arewacin Amurka ko Turai suna zuwa da tasu cutar, domin can ana watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, kuma gishiri yana cin duk ƙarfen da ke ƙarƙashin mota. Akwai kuma hannun mutum: an canza salansa ko an ƙara ganyen sifirin don ɗaukar kaya, aka bar wayar tana goga a jikin ƙarfe mai zafi ko mai kaifi.

Mariƙi yana zuwa ƙarshe bai kama ba. Ba sai a ƙara ɗaure notin waya kawai ba?

A'a, kuma nan ne aka fi ɓata aiki. Wayar 'yar aike ce, mai riƙe motar shi ne layinin da ke cikin durom. Idan layinin ya cinye ko ya yi nisa da durom, dole mariƙi ya yi doguwar tafiya kafin ya kama, ko da wayar sabuwa ce fil. Bakaniken da ya shiga ƙarƙashi ya ɗaure noti cikin minti biyar ya ɓoye ciwon ne kawai. Abin da zai biyo baya shi ne ɗan hannun da ke cikin durom zai zauna a ɗage kullum, layinin ya riƙa goga, ajasta ta rikice, mota ta ƙara shan mai, wayar kuma ta kasance cikin ja dare da rana har ta miƙe da gaske.

Tsarin da ya dace shi ne a sassauta wayar tukuna, a buɗe durom a duba layinin, a saita shi, sannan a dawo kan waya. Sau da dama da zarar an yi haka sai a tarar wayar lafiyarta ƙalau. Idan kuma an buɗe an ga layinin ya jiƙe da mai, ko man birki daga silindar da ke ciki ko man giya daga oyil sil na aksul, to babu wayar da za ta sa ya kama. Sai an toshe yoyon an sa sabon layinin, domin wanda ya sha mai ba ya wankuwa da fetur, ko an ƙona shi da wuta kamar yadda wasu ke yi.

Ba za a iya zuba mata mai ta warware ba, ko a yi mata walda inda ta tsinke?

Wayar da ta fara tauri kaɗan tana iya sakewa idan aka cire ta aka rataye, aka ɗiga mata mai ta sama ana ja ana turawa. Wannan ya fi yi a kan tsofaffin wayoyi na ƙarfe zalla. Na baya-bayan nan suna da shimfiɗar roba a ciki, an yi su ne su zauna a bushe, kuma baƙin mai yana tara musu ƙura ne kawai. Wadda tsatsa ta kumbura kubenta kuwa ko ta warware yau za ta sake kamewa kafin damina ta fita.

Walda kam ban yarda da ita ba sam. Wuta tana kashe ƙarfin sililin, wurin ya zama gautsi, kuma zai karye ne daidai lokacin da ka ja da dukan ƙarfinka, wato lokacin da ka fi bukatarsa. Ƙulli da ɗauri da wayar keke ko ta babur duk hukuncinsu ɗaya.

Ɗaya ce ta tsinke. Dole ne in canza duka?

Na baya biyu a canza su tare. Shekarunsu ɗaya, laka ɗaya suka sha, kuma sabuwa a gefe guda da tsohuwa mai tauri a ɗaya gefen ba za su ja daidai ba. Ta gaba rabinta a cikin mota take, tana daɗewa fiye da su. Idan tana zamewa sumul kuma babu tsinkakken sili, a bar ta.

Wace iri zan saya, kuma yaya zan tabbatar ta dace da motata?

Ka cire tsohuwar ka tafi da ita kasuwa, ko Ƙofar Ruwa a Kano ne, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas. Sunan mota kaɗai ba ya isa. Hilux mai gida ɗaya da mai gida biyu, mai jan ƙafa biyu da mai huɗu, doguwa da gajeriya, wayoyinsu sun sha bamban. Ta hagu da ta dama ma sau da yawa tsawonsu ba ɗaya ba ne. Motar da aka shigo da ita da sitiyari a dama aka juyar da shi hagu kuma tana iya zuwa da wayar gaba da ba ta yi daidai da kowane littafi ba.

A shago ka shimfiɗa su gefe da gefe ka auna abu uku: tsawon kube, tsawon wayar da ta leƙo waje a kowane baki, da siffar kawunan. Bambancin yatsa biyu ya isa ya sa noti ya ƙare bai ɗaure ba. Ka riƙe lambar shasi a rubuce. Game da gwanjo, ni na fi son sabuwa mai kyau, domin ba ka ganin cikin kube. In ta gwanjo ce ta samu, ka lanƙwasa ta kamar baka sannan ka tura wayar da yatsa biyu. Idan ta ƙi tafiya a lanƙwashe, ka ajiye musu abarsu.

Zan iya yin aikin da kaina?

Idan ka taɓa canza layinin baya da hannunka, za ka iya. Kayan aikin ba su da yawa: jak, madogaran ƙarfe biyu, sifanu daga lamba 10 zuwa 14, filaya, sukundireba mai faɗin baki, guduma, burushin ƙarfe, giris kaɗan, da man fesawa mai cin tsatsa. Motocin Amurka na da suna iya bukatar sifanun inci. Mota mai tsabtar ƙarƙashi aikin awa biyu zuwa uku ne, mai tsatsa kuma tana iya cinye yini. Ka fesa wa notuna mai tun daren jiya.

In ba ka taɓa buɗe durom ba, ka kai wa bakanike, amma ka tsaya a wurin. Ka ce masa, "Oga, don Allah a fara duba layinin kafin a taɓa waya." Mai sanin aiki ba zai ji haushi ba.

Yaya ake ɗaga motar ba tare da haɗari ba?

Ka tuna da wannan: giya da birkin hannu duka tayoyin baya suke riƙewa. Da zarar ka ɗaga baya, babu abin da ke tsare motar sai abin da ka sa a tayoyin gaba. Don haka a fili mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe za a yi aikin, a tokare tayoyin gaba biyu ta gaba da ta baya, a sauke duk kayan da ke bodi. A sassauta notunan taya tun tana ƙasa, a ɗaga, a zaunar da motar a kan madogaran ƙarfe.

Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke ɗauke da ita, kuma kada ka jera bulon siminti, domin bulo ba ya gargaɗi kafin ya ruguje. Tayar da ka cire ka tura ta ƙarƙashin shasi ta zama kariya ta biyu. Kafin ka sa kanka, ka girgiza motar da ƙarfi ka gani.

Durom ya ƙi fita. Me zan yi?

Ka fara tabbatar da cewa birkin hannu a sake yake kuma ka kwance notin waya. In har yanzu ya ƙi, ko dai tsatsa ta manne shi a tsakiya, ko kuma layinin ya ci rami a cikinsa ya bar gaɓa a baki. Na farko, a fesa mai a zagayen tsakiya a bubbuga fuskar durom tsakanin kusoshin taya. Duroman Toyota da yawa suna da ƙananan ramuka biyu masu zare a fuska, inda ake ɗaura kusoshi masu kaurin milimita 8 bi da bi su turo shi waje. Na biyu kuwa sai an cire 'yar robar da ke farantin baya, wato ƙarfen da ke rufe bayan durom, a zura sukundireba a ɗage harshen da ke tsare ajasta, a juya ta baya har layinin ya saki. Idan ka yi ta ɗaure kusoshin nan alhali layinin ne ya maƙale, za ka lanƙwasa fil-fil ɗin da ke riƙe da shi. Kuma muddin durom na waje, kada kowa ya taka birki.

Ƙurar da za ka tarar a ciki kada ka hura ta da baki ko da iskar mai faci. Tsofaffin layinin da wasu masu araha suna ɗauke da asbestos, wanda ke lalata huhu bayan shekaru. A jiƙa ta, a goge da tsumma, a yar da tsumman.

Yaya ake cire tsohuwar a sa sabuwar?

Kafin ka taɓa komai, ka ɗauki hoto da wayar salula: cikin durom, da duk hanyar da wayar ta bi, da kowane maƙali. Ka yi gefe ɗaya ka gama kafin ka buɗe ɗayan, don ya zama maka abin dubawa. Ka cire kan wayar daga ƙarfen da ke raba ja, ka bi ta kana kwance maƙalanta har zuwa taya. A cikin durom, ka ja sifirin ɗin da ke jikin wayar baya da filaya, ka zare kan daga ƙugiyar ɗan hannun. A wasu motocin sai an sauke layinin na baya kafin hannu ya kai.

Wurin da ke ba mutane wahala shi ne inda kube ya ratsa farantin baya. A wasu ƙananan kusoshi biyu ne. A motocin Amurka kuwa wasu 'yan yatsun ƙarfe ne da ke buɗewa bayan sun shige rami. Dabararsu ita ce a zura musu zoben sifana mai lamba 13, ko ƙaramin kilif na tiyo, ya matse su gaba ɗaya, sai a ja kuben ta baya.

Sabuwar ta bi sawun tsohuwar daidai, ba tare da lanƙwasa mai tsanani ba, nesa da salansa da farfela. A mayar da kowane maƙali, kada a maye gurbinsa da igiyar roba. A bar mata ɗan sararin da za ta bi aksul idan mota ta yi sama ta yi ƙasa, domin wayar da ta yi ɗamau mota a wofi za ta ja birki da kanta a kan gargada. Giris kaɗan a mahaɗai da zaren noti, amma ko ɗigo kada ya taɓa fuskar layinin.

Yaya ake saitawa, kuma ƙarar ƙas nawa ya kamata mariƙi ya yi idan an ja shi?

Layinin tukuna, kamar yadda na faɗa a amsar ɗaure noti. Ka mayar da durom, ka juya ajasta har taya ta fara nauyi a hannu, sannan ka koma baya kaɗan-kaɗan har ta juya sakayau da ɗan sautin shafa. Ka taka birkin ƙafa sau da yawa don layinin ya zauna tsakiya, ka sake gwadawa. Sai an gama gefe biyu ake komawa kan notin waya. A ɗaure shi a hankali, ana ja ana saki, har tayoyin biyu su ƙi juyuwa idan an ja, su kuma saki gaba ɗaya idan an saki. A kulle da noti na biyu.

Sanda ta tsakanin kujeru galibi tana kamawa tsakanin ƙas 5 zuwa 8. Mai hannun lema ta Hilux haƙoranta ƙanana ne, ƙas ɗinta yakan haura 10, kuma hakan ba laifi ba ne. Wanda ya matse ta har ta kama a ƙas 3 ya wuce gona da iri. Gwaji na gaskiya a kan ƙaramar gangara ake yi, inda babu mutane a ƙasa, kana zaune ƙafarka kusa da birki, mota a firi, sau ɗaya tana kallon sama sau ɗaya tana kallon ƙasa. Bayan mako ɗaya ko biyu a sake duba notin, domin sabuwar waya tana ɗan zaunawa.

An sa sabuwar waya, amma taya ɗaya tana zafi, ko kuma ba ta kamawa. Ina matsalar?

Bayan aikin ka yi tafiyar kilomita 3 zuwa 5 ba tare da yawan taka birki ba, ka tsaya ka kusantar da bayan hannunka ga kowane durom. Ɗumi kaɗan daidai ne. Idan ɗaya ya fi ɗaya zafi sosai, ka fara zargin ƙarfen da ke raba ja, ko ya ƙage ya daina lilo. Sai ɗan hannun cikin durom, wanda mahaɗinsa ke tsatsa, da sifirin ɗin da ke dawo da layinin idan ya gaji.

Masu Hilux mai jan ƙafa huɗu su kula da wani abu na musamman. Wayarsu ba ta shiga durom kai tsaye. Tana maƙale ne da wani lanƙwasasshen hannu a bayan farantin, a cikin rigar roba, shi ke miƙa jan zuwa ciki. Wannan hannun ya shahara da ƙagewa, kuma mutane da yawa sun sayi waya alhali shi ne ya kame. Ka tura shi da babban yatsa: ya kamata ya tafi ya dawo da kansa ya zauna a kan kusar da ke tsayar da shi. In bai dawo ba, a cire shi, a kankare, a shafa giris, a sa sabuwar roba.

Jar fitilar birki ta ƙi mutuwa bayan an gama aikin. Wayar ce?

Yawanci ɗan makunnin da ke gindin mariƙi ne aka ture, ko mariƙin bai koma ƙarshe ba. Amma a motoci da yawa fitilar nan ɗaya ce da ta ƙarancin man birki, don haka ka buɗe bonet ka duba kofin mai kafin ka ce makunni ne.

Idan birkin ƙafa ya ƙi a kan hanya, yaya ake amfani da na hannu?

Ba a fizgarsa. Tayoyin baya kaɗai yake kamawa, kuma idan suka kulle da gudu bayan motar zai juyo gaba, balle akori-kura da babu kaya, wadda bayanta ba shi da nauyi. Ka fara bubbuga birkin ƙafa da sauri, wataƙila sauran matsi ya taru. Ka riƙa rage giya ɗaya bayan ɗaya. Sannan ka ja na hannu a hankali, babban yatsanka a danne kan maɓallin sanda, ko kuma hannun lemar a murɗe, yadda ba zai kulle ba, ka iya sassautawa da zarar ka ji taya tana ja a ƙasa. A motar Amurka mai feda, hannun hagu yana riƙe da mariƙin saki a jawo, ƙafa tana dannawa sannu-sannu. Kada ka kashe inji ka zare makulli, domin sitiyari zai iya kullewa. Yana da kyau ka gwada wannan a fili babu kowa, da gudun da bai wuce kilomita 20 a awa ba, tun ranar da aka sa sabuwar wayar, don hannunka ya san nauyin da take kamawa a kai.